Malam Maazou, mai sayen tsinke ya bar nama

Kowace safiya Malam Maazou kan tsayar da babur ɗinsa a Titirou, gaban rumfar Yaou mai tsire, daidai lokacin da ake feƙe tsinkaye. Ya zaɓi guda ɗaya, ya ƙara da lemo da goro, ya wuce lekol. Yaou ya daɗe yana ƙorafi: "Malam, duk Parakou kai kaɗai ke zuwa wurina ka ɗauki tsinke ka bar nama."

Malamin fizik ne a wani kolej na bakin gari, kuma bana ya ajiye alli. A aji yakan soke lemon da tsinke, ya ce ga tauraro yana juyawa a kan sandarsa. Ya ɗaure goron da zare, ya ce ga ƙatuwar duniya tana kewaya shi. Namu duniyoyin, in ji shi, suna bin ƙugun rana kusan daidai, inda ta juya nan suke bi. Amma can a wasu taurari akwai ƙattai masu tafiya a karkace, har da masu bi ta baya, kamar wanda ya shiga kasuwa ta ƙofar fita.

Da labari ya fita gari cewa malamin taurari ne, sai aka fara yi masa sallama da asuba. Wannan na son ranar sa'ar sayar da bijimi, wancan na son a duba masa tafiya. Duk shayi yake ba su ya sallame su.

Wannan sunan ne ya kusa cinye karatun Sauda, ɗalibarsa da ta ci jarrabawa ta samu gurbin karanta ilmin sararin sama. Mahaifinta, Alhaji Baƙo, dillalin shanu a Djougou, ya ce 'yarsa ba za ta zama 'yar duba ba. Malam ya ce mu je. Ni maƙwabcinsa ne, ba abin da na sani a fizik, amma ina da mota mai tashi in an tura.

Muna gama gaisawa Malam ya ajiye kayan aikinsa a kan tabarma. Alhaji ya ga baƙi sun zo da goro, ya yi abin da ya dace: ya yi godiya, ya fasa, ya rarraba. Lemon kuma ya ɓare. Kafin Malam ya buɗe baki an cinye tauraro da duniyarsa, har ni an ba ni ɓari.

Malam ya dubi tsinken da ya rage, ya dubi tumbina. "Tashi, Mansour, kai ne tauraro."

Na tsaya tsakar gida ina juyawa. Sauda ta kewaya ni ta inda nake juyawa, sannan ta koma ta baya, tana yi wa mahaifinta bayani.

"To, Malam," in ji Alhaji, "wannan zai faɗa mini yadda kasuwar Partago za ta kasance?"

"Ba zai faɗa ba, Alhaji."

"Ranar mutuwata fa?"

"Taurarin ba su ma san kana duniya ba."

Alhaji ya tauna goronsa. "Ashe ba duba ba ne. Ita mai karkacewar, wa ya karkatar da ita?"

"Ana zaton wata ƙatuwa ce 'yar'uwarta ta bangaje ta. Ba a gama sani ba, shi ne ake neman masu bincike."

"Kamar bijimai a garke ke nan. Da ta karkace, ta bar tauraron nata?"

"Ba ta bari ba, Baba," in ji Sauda. "Tana nan tana kewaya shi."

Alhaji ya daɗe yana kallonta. Ya ce ta tafi karatun. Ni dai ba wanda ya ce in tsaya, sai da jiri ya zaunar da ni.

Malam Maazou, kai ne wanda aka kira boka bai yi fushi ba. Kai ne ka koya wa 'ya'yan mahauta da 'yan tireda cewa "ba a sani ba tukuna" amsa ce ta mutunci. Yau Sauda tana auna karkatar duniyoyin nan a wata jami'a, kuma kowane hutu Djougou take sauka. Mun gode, Allah ya saka, ya ba ka hutu mai lafiya.

Ku malamai masu tasowa, kada ku jira a kawo muku madubin hangen nesa. Lemo ya isa, in an cinye kuwa, ina nan, tumbin bai ragu ba.

Ranar da Malam ya yi darasinsa na ƙarshe, Yaou ya miƙa masa tsinke kamar kullum, sai dai wannan karon cike da nama. Malam ya juya shi, ya ɗaga shi sama ya duba, ya ce a karkace aka soke.