Don Evaristo da Igiyar Shanya

Duk Lahadin farkon wata, tun raɓa ba ta bushe ba, Don Evaristo Lencina yake ajiye tsohuwar akori-kurarsa a bakin gonar da ƙungiyarmu ke harba rokoki, a bayan garin Villa Arminda. Sai ya zagaya filin da ƙafa yana murza ciyawa a hannu, ya ji ko ta bushe har za ta iya kama wuta. Ya ɗaura tsumma a sanda ya ga inda iska ta nufa. Bayan nan ne zai kafa teburinsa, ya zuba ruwan zafi a ƙoƙon shayin mate, ya fito da alli da wata igiyar shanya da ya yanko a bayan gidansa shekara goma sha tara da suka wuce.

Shi ne mai duba lafiyar harbi. Babu rokar da ke tashi sai ta bi ta teburinsa, makullin kunna wuta kuma a wuyansa yake rataye. Shekara talatin ya yi yana gyaran sikelin hatsi kafin ya huta, wataƙila shi ya sa bai yarda da komai ba sai ya ga yadda yake rinjaya. Yakan rataye roka a igiyar, ya yi ta matsar da ita har rokar ta kwanta daidai, ya ja layi da alli. Sai ya ja layi na biyu can baya, inda iska ke tura jikinta. In faɗin rokar bai shiga tsakanin layukan biyu ba, to mai ita ya mayar da abarsa mota.

Kowa a ƙungiyar yana da labarinsa. Wani malamin jami'a da ya zo daga birni yakan ba da nasa da kansa: ya ce Don Evaristo ya taɓa fiffiken rokarsa kamar mai gaisawa, sai ga fiffiken ya ɓalle a hannunsa, tsohon kuwa mate kawai ya miƙa wa malamin. Ni kuma ina wurin ranar da ya tsayar da ƙidayar harbi a kan “biyu”. Muna ta kallon juna, sai can ga jirgin feshin gona ya ratsa ta samanmu. Shi kaɗai ya ji shi.

Na daɗe ina son rubuta wannan, ban san ta inda zan kama ba. Ungozoma tana da 'ya'yan da za a nuna. Shi kuwa aikinsa duka shi ne a tashi lafiya babu labari. Ga shi kuma ina cikin waɗanda suka sa ya bar kujerarsa, kuma har yau ban gama gane abin da ya faru ba.

A watan Mayu ake Bikin Kabewa a garinmu. Shugaban ƙungiyarmu, Don Tulio Bertoldi, wanda ke auren Doña Nélida ƙanwar Don Evaristo, ya kawo shawara a ɗora kabewa a kan hancin babbar rokarmu a harba ta a gaban jama'a. Ya ce ta haka ne mutane za su daina ce mana mahaukatan gona. Da yake ban daɗe da gama karatun injiniya ba, ni aka ba lissafin. Na auna kabewar, kilo tara. Faɗinta zai sa iska ta yi ta fizgar kan rokar, amma nauyinta ya isa ya riƙe ta a miƙe. Na sa hannu a takardar. Daga nan aka kai kabewar gidan Don Tulio ta kwana biyu.

Ranar bikin mutum kusan ɗari uku suka jeru a bakin shingen waya, da jarirai a kafaɗa, ga masu bushe-bushe, ga ma'aikacin talbijin da ya zo daga babban birnin jiha. Maza huɗu suka ɗaga rokar, Don Evaristo ya zura igiyarsa. Ya matsar da ita baya. Ya ƙara matsarwa. Sai da ta kusa haɗuwa da layi na biyu sannan rokar ta kwanta. Ya tsaya yana kallon kabewar, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta yi ƙara kamar ganga.

Bai juya wajen surukinsa ba, ƙanwarsa ya kira. “Nélida, ina cikinta?”

Ta fito daga rumfar mata tana goge hannu. Ta ce yana cikin tukunya, ina kuma zai kasance? Ita da matan kwamiti suka kwashe shi jiya suka dafa da sukari, kamar yadda ake yi wa kowace kabewar biki tun zamanin kakarsu. Ta ce babu mai hankalin da zai jefa abinci mai kyau sama ya tarwatse a gonar mutane. Ɓawon ma ai sun mayar masa da murfinsa, sun soke da tsinken sakace, ko alama babu.

Don Tulio ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce abu mai sauƙi, a ɗura mata yashi. Don Evaristo ya ce yashi yana gudu a cikin ƙoƙo, kuma bai taɓa auna roka da shi ba.

“Haba, tsoho, kai da igiyar wankinka,” in ji Don Tulio. “Ga mai digiri a tsaye. Injiniya, faɗa masa za ta tashi.”

Duk suka juyo. Na fito da waya na buga lissafin. Da yashin, abin ya faɗo a kan gaɓa, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na ji bakina ya ce, “Wataƙila.” Iyakar abin da na ce ke nan.

Don Evaristo ya dubi tsumman iska, ya dubi shinge. Ya cire makullin daga wuyansa ya sa a aljihun riga, ya koma kujerarsa ya ƙara ruwa a ƙoƙonsa. Jama'a suka yi ta busa masa fito na ba'a. Wani ya yi ihu wai a kai shi gidan tsofaffi. Mai talbijin ya naɗe kayansa. Don Tulio ya tsaya a kansa yana magana ƙasa-ƙasa, na ji yana cewa ya kunyata shi a gaban gari, kuma kujerar nan ba gadon ubansa ba ce. Shi dai miƙa masa mate ya yi. Don Tulio bai karɓa ba.

Bayan mako uku aka yi taro, aka gode wa Don Evaristo, aka ce shekaru sun ja, ya kamata ya huta. Da aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, ban ɗaga ba. Da aka ce masu adawa, nan ma ban ɗaga ba. Ƙasa nake kallo. Sai kawai na ji an ce ni za a ba makullin, kuma na san dalili: ana ganin ba zan iya hana kowa ba.

Sau goma sha ɗaya na sake lissafin nan. Shida rokar ta miƙe sama, biyar ta karkata wajen shinge, ya danganta da yadda na ƙiyasta iska da gudun yashi. Da abin ya ishe ni na je gidansa, na same shi yana ba tumatir ruwa. Na tambaye shi ko ya san za ta karkata.

“Ban sani ba, 'yar nan,” ya ce. “Shi ya sa.”

Ya ajiye butar ban ruwa. Ya shiga ɗaki ya fito da igiyar a naɗe, ya ce an ba ni makulli an manta da wannan.

Don Evaristo, kai ne mutumin da ya yarda gari ya yi masa dariya a kan abin da ba zai taɓa iya nunawa ba. Babu wanda zai zo ya ce ka ceci ɗansa, domin babu wanda ya san ko ɗan wa ne, ko ma babu kowa. Na ji har yanzu kuna cin abincin Lahadi a gidan Doña Nélida, kai da Don Tulio, ba ku magana, kuna miƙa wa juna kwanon kabewar nan. Wannan ma ban gane shi ba.

Lahadin da ta wuce Don Tulio ya kawo sabuwar roka mai siffar butar shayi. Na rataye ta a igiyarka, na ja layukan biyu, yatsu uku ne kawai a tsakaninsu. Na ce a'a. Ya ce bai ji ba, ya kara hannu a kunne, mutane suka yi dariya. Na sake faɗa. Har yanzu ban san ko da ta tashi lafiya ba, kuma na fara fahimtar cewa ba zan taɓa sani ba.

Na gode, Don Evaristo, kuma ka yafe mini hannun da ban ɗaga ba. Ku kuma da aka ba amanar wani makulli a wani wuri, in ranar ta zo da ba ku da tabbas, ku sa shi a aljihu ku zauna, ko da ana muku fito.