Ammu Dahshuri da Zanen da Ya Ɓoye a Ƙarƙashin Alli

Shekara talatin da huɗu ke nan, kullum kafin ɗalibin farko ya shigo tsangayarmu ta zane, Ammu Dahshuri, wato Kawu Dahshuri a yaren garinmu, ya riga ya buɗe sito. Yakan ajiye kwanon wakensa da gurasa a kan taga, ya ɗora shayi, sannan ya bi bango da tafin hannu yana laluben danshi. Garinmu na bakin teku ne, danshi kuwa ba ya raga wa kowa. Mu malamai mun sha yi masa tsiya.

"Ammu, bangon nan surukinka ne da kullum sai ka gaishe shi?"

"Ya dai fi wasu daktocin amsa gaisuwa."

Ƙarshen watan nan zai ajiye makullan. Ya ba ni izinin faɗar abin da ya yi, don a cewarsa wanda ya kama hanyar gida ba ya tsoron kora.

A shekararsa ta takwas a bakin aiki aka kafa kwamitin tsabtace tsangaya. Suka zagaya ɗakuna, suka ware zane arba'in da ɗaya masu nuna jikin mutum ba sutura. Ba su ƙona su ba, don kayan jami'a ne masu lamba. Sai suka ce a shafe su da farin fenti a jibge a sito.

A cikinsu akwai na Sawsan Badran, 'yar ajin ƙarshe. Yayarta Nagwa ce Sawsan ta zana, bayan ciwon daji ya sa an yanke mata nono ɗaya. Nagwa da kanta ta roƙa, ta ce a zana ta yadda take, kada a dinga tunawa da ita da hoton biki kaɗai. Ta rasu wata biyu kafin zuwan kwamitin.

"Dakta, tabo ne fa, ba kwalliya ba," in ji Sawsan ga shugaban kwamitin.

"'Yata, tsiraici dai tsiraici ne."

Ammu Dahshuri aka bai wa aikin shafewar, kowa kuma ya ɗauka zai yi shi da murna. Mutumin sahun gaba ne a masallaci, bai taɓa ɗaga ido ya kalli irin waɗannan zanen ba, ta lambar da ke bayan katako yake gane su. Sawsan ta same shi da burushi a hannu, kansa a karkace gefe, farin ya riga ya ci rabin zanenta.

"Allah ya isa, Ammu! Yayata kake binnewa karo na biyu."

"Je ki gida, 'yata."

Ba ta sake gaishe shi ba har ta gama karatu, ta tafi koyarwa ƙasar waje.

Abin da ba wanda ya sani shi ne fentin kwamiti a bangon banɗakin ma'aikata ya ƙare. Shi kuwa alli ya niƙa, ya kwaɓa da ƙaro da ruwa, ya shafa wa zanen ɗaya bayan ɗaya. In ya bushe ba ka bambanta shi da fenti, amma soso da ruwa sun isa su wanke shi. Ashe shi ya sa kullum yake laluben danshi a bango, mu muna ta dariya. Da danshi ya tona allin sau ɗaya, da aikinsa ya tafi, da zanen kuma sun sha fenti na gaske.

Ammu, kai ne mai sito da ba ya barin ɗigon ruwa ya kwana. Shugabanni huɗu suka zo suka wuce, dokar tana nan, kai ma kana nan. Ka ji ɗalibai na nuna ka suna cewa ga wanda ya kashe zanen, ka sha shayinka ba ka tanka ba. Ni ma na taɓa faɗar haka, kuma har yau ina jin kunya.

Watan jiya ya sa na nemo masa Sawsan. Ta zo da furfura a goshi, ta tsaya a ƙofar sito ba sallama. Ya jingina mata katakon a bango, ya ajiye bokiti da soso.

"Fara daga sama, a hankali. Kada ki goga."

Ya fito ya zauna a dakali, ya ba ƙofar baya. Muka daɗe ba mu jin komai sai ɗigar ruwa. Can sai kukanta, irin na wanda ya haɗu da nasa a tasha. Ta fito hannunta fari fat.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Da wannan bakin naki? Da kafin la'asar jami'a duk ta ji."

Ta yi dariya cikin hawaye, ta durƙusa ta ce ya yafe mata. Sannan ta tambaye shi dalili, tunda shi ba ya ƙaunar irin wannan zanen.

"Har gobe ba na ƙaunarsa, ban kuma kalle shi ba. Amma ranar da kika fara kawo shi ajiya cewa kika yi, 'Ammu, riƙe mini yayata.' Ni kuwa na ce to."

Sauran arba'in ɗin ba zan faɗi inda suke yanzu ba. Na Nagwa dai ya fita ta babbar ƙofa, naɗe a mayafin ƙanwarta.

Mun gode, Ammu Dahshuri. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya riƙe ka yadda ka riƙe na mutane. Mu da muka rage, mai makulli da mai sa hannu, wata rana za a miƙo mana abin da ba ma so a ce mu riƙe. Kafin mu ce to, mu tuna akwai wanda ya faɗe ta sau ɗaya, ya sha zagi a kanta shekara ashirin da shida, bai sake ta ba.