Zoben da Sanusi Ya Hana Ni Cirewa

Shekara shida ke nan da muka binne ƙanena Sanusi a Azarori, kuma har yau jaruminsa na tsaye bakin ƙofa yana jira.

Da ciwon sikila aka haifi Sanusi. Sa'anninsa na tafiya cin rani, shi yana kwance a zaure da salula a hannu, yana wani wasa na kogon dodanni, inda jarumi ke ta gangarawa cikin ƙasa yana faɗa. Rai ɗaya ake ba jarumin. In ya mutu shi ke nan, sai a soma da sabo. Ni na ɗauki abin shiririta, har nake kiran Sanusi sarkin yaƙin tabarma.

Wata rana ya miƙo mini salular. Na buɗe jakar jarumin, sai ga sulken ƙarfe da ƙaton takobi a ajiye, shi kuwa yana sanye da ƴar rigar fata kamar mai zuwa gona. Mu mutanen Adar, in muka samu babbar riga sawa muke, ko zafi zai dafa mu. Na jibga masa komai. Sanusi ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Yaya, kowa ya ci zomo ya ci gudu," in ji shi. "Sulken ga shina tare sara, amma shina rage sauri, ƙaratai kuma na tada dodanni. Takobin ga hannu biyu shika ci, da mi za ka riƙe garkuwa?"

Ya nuna mini cewa kowane kaya na da lamba koriya da lamba ja. Koriya abin da ya ƙara maka, ja abin da ya karɓe. Kwalkwali na kare kai amma yana ƙuntata gani. Sai na lura da wani zobe a yatsan jarumin: yana cinye rabin ransa, amma yana haska tarkon da aka binne a hanya. Na kai yatsa zan cire, ya riƙe mini hannu.

"Bar shi nan. Ni ma da rabin rai nike, kuma ina ganin hanya."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maganin da likita ke ba shi yana kashe ciwon ƙashi, amma ya kwantar da shi yini guda bai san inda kansa yake ba. Shi ke zaɓen ranar sha da ranar daurewa. Ranar auren ƙanwarmu bai sha ba; da cizon leɓe ya yi ta gaisawa da baƙi har la'asar.

Yanzu nakan ga samari a tashar Madawa suna sababbin wasanni, inda ake sayen takobin da ba shi da jar lamba ko ɗaya. Ina jin da Sanusi zai leƙa ya taɓe baki, ya tambaye su ina wasan yake in babu abin da aka karɓe maka.

Da ya rasu, Inna ta ba da tufafinsa sadaka, ni na roƙi salular. Na tarar ya kai jarumin ƙofar ƙarshe. Tun lokacin caji kawai nake yi ina dubawa, don tsoro nake ji ya mutu a hannuna. Bana batir ya kumbura. Mai gyara a kasuwa ya ce an daina irinsa, jarumin kuma ba ya komawa wata salula. "Malam, wagga ba ta ganin kaka," haka ya ce mini.

To, ba zan bar jarumin Sanusi ya mutu cikin akwatin da nake ajiye salular ba. Na sa irin wasan a tawa salular don in koya, na kashe jarumai ba iyaka har hannuna ya faɗa.

Sanusi bai bar gona ba, bai bar ɗa ba. Ya bar mini duban jar lamba kafin ɗaukar kaya, da rashin raina abin da ya rage a hannu. Ranar Juma'a, in na dawo daga kabarinsa, zan zauna kan tabarmarsa da salularsa in buɗe wa jarumin ƙofar. Sulke na nan cikin jaka. Zoben kuwa ba zan taɓa shi ba.