Iya Mai Gwangwani Ta Bar Ni Da Tambaya Goma Sha Ɗaya

Gaisuwa mai ɗimbin yawa daga sarkin masu aski, mai almakashin da ba ya kuskure sai in kan ne ya motsa, zuwa ga manya da ƙanana, masu suma da masu sanƙo, har da waɗanda suka gudu wajen wani mai askin suka dawo suna ɓoye kai a hula. Ku yi haƙuri da rubutuna, hannun nan reza ya sani, ba biro ba.

Yau dai ba raha ce ta kawo ni ba. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, Allah ya karɓi ran Iya Mai Gwangwani bayan jinyar sati uku. Ita ce tsohuwar da ke buɗe ɗakin gaban gidanta, mai kallon shagona, daga ƙarfe biyu zuwa shida, yaran layinmu su zauna in an tashi makaranta har iyayensu su dawo daga aiki. Shekara takwas tana yi.

Iya, ni na san abin da kika yi mini. Matata shara take yi a asibiti, sai yamma lis take dawowa. Kafin ki karɓi Autata, a kan bencin shagona take wuni, tsakanin reza da hirar ƙarti. Ranar da ta maimaita wa uwarta wata kalma da ta tsinta a bakin wani direba, kwana biyu na yi ba a amsa gaisuwata a gidan. Ke kika tsallako titi kika kama hannunta, kika ce, "Nan ba wurin zaman yarinya ba ne."

Ɗakin ba wani abu a ciki. Tabarma biyu, ƙwallo mai faci, igiyar tsalle, da gwangwanin madara a kan taga. Dokar ita ce kowane yaro ya rubuta tambaya ɗaya a 'yar takarda ya jefa ciki. In an gama aikin makaranta sai Iya ta zaro ɗaya ta miƙa wa wani: "Karanta da ƙarfi kowa ya ji." Ba ta taɓa ba da amsa ba. Sai dai ta ce, "To, wa ya kamata ya san wannan a layin nan?" Sai ka gan su sun jero kamar 'yan agwagwa, ita a baya, an nufi wajen makanike ko tela ko mai walda.

Wata rana abin ya faɗo kaina. Wai me ya sa in an yanke gashi ba ya zafi, amma in an tsige yana zafi? Na gyara tsayuwa na ce, "Ai hannuna ne mai albarka. In wani ya yanka muku sai kun yi ihu."

Iya ta dube ni. "Mai aski, ka sani ko ba ka sani ba?"

"Haba Iya, a gaban yara?"

"Su suka tambaye ka ai."

Jama'a, ni da ko likita ina gyara wa magana in yana kan kujerata, ranar na buɗe baki na ce ban sani ba. Yaran suka hau tafi kamar na ci ƙwallo. Ta ce, "Madalla, taho mu je mu tambaya tare." Na bar wani bawan Allah da rabin kai a aske, na bi layin yara zuwa wajen nas ɗin ƙarshen titi. Ashe saiwar ce ke da rai, sauran duk ba ya ji. Shekara ashirin ina yankan abu ban san shi ba.

Abin da ya daɗe yana cin raina shi ne, me ya sa mace mai ilimi haka take wahalar da mu? Duk layin mun ɗauka tsohuwar malamar makaranta ce, ga tabarau rataye a wuya. A wajen zaman gaisuwa na kasa haƙuri, na tambayi babbar 'yarta a wace makaranta Iya ta koyar. Ta yi dariya hawaye na zuba.

"Wace makaranta, Baban Auta? Iya ko sunanta ba ta iya karantawa. Tabaran na zura zare a allura ne."

Ta ce tun Iya na ƙarama take da tambaya, ana ce mata ta cika surutu, har ta daina. Da ta tsufa sai ta samu masu tambaya a madadinta, ita kuma ta tsaya a baya tana ji. Iya, ashe amsar da nas ta ba mu, ke ma ranar kika fara jin ta? Da kin faɗa mini ai da mun zama aji guda.

Yanzu ga inda ake. 'Yar tata nesa take aure, kuma wani yana neman ɗakin ya zuba buhunan siminti na sayarwa. Ta ba ni makulli zuwa ƙarshen wata: in yara suna zuwa, ɗakin nasu ne, in sun watse shi ke nan. Yara sha bakwai ne, har da tawa, kuma in an rufe, bakin titi za su koma. Ni da tela da matar makanike mun raba kwanakin zama da yaran. Jiya shida kawai suka zo. Ko lokacin da Iya take jinya, yaran ba su daina jefa takarda a gwangwanin ba, guda goma sha ɗaya na ƙirga. Auta ta karanta mini, na fara kawo musu bayani irin nawa, wata 'yar ƙarama ta ce, "Baba Mai Aski, ka sani ko ba ka sani ba?"

Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata, ya haskaka makwancinta, ya sa yaran nan su zama shaida gare ta. Allah ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri, da mu da ta bari da makulli.

Ku kuma masu karatu, ga uku da duk layinmu aka rasa mai sani. Shin kifi yana jin ƙishirwa? Ina wuta take tafiya in an hure ashana? Me ya sa in mutum ɗaya ya yi hamma sai kowa ya kama? Duk wanda ya sani don Allah ya rubuto a takarda, da manyan baƙi, ya aiko shagon aski mai kallon ɗakin Iya kafin Litinin ƙarfe biyu. In zai kawo da ƙafarsa ya faɗa wa yaran da bakinsa ya fi, askinsa na ranar a wuyana.