Dauda na Cikin Tele

Har yau ina tuna ranar da Baba Iliya ya leƙo shagonmu a Tasawa. Shekarar fari ce, sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba. Ni ke kula da na'urorin wasan bidiyo, Alhaji Sani ne mai shago.

Wasannin labari iri biyu gare mu. A ɗaya, jarumin a shirye yake, da sunansa da tarihinsa, kai dai ka tuƙa shi. A ɗayan kuwa kai za ka ƙera mutuminka, fuska da tsawo da suna. Alhaji ya tsani wannan. Ya ce samari na ɓata lokaci wurin zaɓen hanci, injin wuta na shan esansi, wato fetur, don haka in goge shi kafin Juma'a.

Baba Iliya manomi ne daga Bawdeta, dattijo a cocinsu. Hatsi bai yi ba, ya shigo gari yana sayar da ruwa. Ɗansa Dauda ya tafi Libiya, ba labari. Ya sauke jarka, ya tarar ina sauya fuskoki a tele.

"Ɗana, kowace fuska abin nan ke yi?"

Na ce kusan kowace.

"To rage kumatun. Ƙara mishi tsawo."

Muka yi ta gyara har ya ce in tsaya. Ya faɗa mini sunan ɗansa, na rubuta Dauda, na sa shi tafiya cikin wani daji kore. Tsohon ya matso, ya ƙura mishi ido. Can ya ce, "Ya samu wuri mai ruwa."

Alhaji na tsaye bayanmu ashe. Da Baba ya fita, na tambaye shi batun gogewar. Ya harare ni ya ce, "Wa ya ce ka goge ɗan mutane?"

Daga nan kullum Baba sai ya biyo. Samari su miƙa mishi kujera, su yi ta kaffa-kaffa kada wani abu ya taɓa Dauda.

Da rikici ya tashi a Libiya, Dauda ya dawo, a rame amma lafiya. Uban ya jawo shi shago. Dauda ya dubi tele ya ce, "Baba, waɗannan kunnuwan nawa ne?" Aka kwashe da dariya. Shi kuma wasan jarumi shiryayye ya zaɓa, wai ya gaji da zama Dauda, a bar shi ya zama wani ko na awa guda ne.

Shi ya sa nake gaya muku ku sababbin masu kula da shagon wasa: kada ku zaɓar wa mutum wasa. Ku fara jin abin da ya kawo shi.