Shekarar da Randar Baba Ta Daina Gumi

Ko da zan manta da komai na ƙauyenmu, ba na jin zan manta da shekarar da muka yi wa randar Baba fenti.

Randa ce babba a ƙofar gidanmu, a gindin darbejiya, daidai hanyar da manoma suke bi zuwa gona. Baba ya ajiye ta ne bayan rasuwar mahaifiyarmu, da niyyar duk wanda ya sha, ladan ya kai gare ta. Da kansa yake cika ta kowace safiya, duk da ciwon gwiwa, kuma ba ya yarda a taya shi. Ruwanta kuwa sanyi ƙalau, har masu babur da suke kai wake Dawanau sukan tsaya su sha.

A ƙarshen wata damina sai amai da gudawa ya ɓulla a yankinmu. Ma'aikacin lafiya ya zo, cikin ladabi ya ce hannuwa sun yi yawa a randar nan, gara a ɗauke ta. Baba ya ce to, amma ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Ƙanena, wanda yake aiki a wani kamfanin fenti a Kano, shi ya zo da dabara. Wani ruwa ne a ɗan gwangwani, ba shi da launi, in ya bushe sai ya manne kamar siririyar leda. Ya ce yana kashe ƙwayoyin cutar da suka sauka a kansa, wanki ba ya fitar da shi, kuma irinsa ake shafa wa tankunan ruwan sha. Ma'aikacin ya amince, da sharaɗin a ci gaba da wanke randar. Ni na riƙe randar, ƙanena ya shafe cikinta tas, ina ta tsokanarsa da likitan tukwane.

Girbin gero ya kama, rana tana dukan mutane. Sai na lura manomi zai ɗebi ruwa da moɗa, ya kurɓa sau ɗaya, ya ce "Allah ya kai lada," ya zubar da sauran a gindin bishiya. Mutanenmu da kara, ba wanda ya ce uffan. Sannu a hankali suka koma gaisuwa kawai su wuce. Wata yamma Baba ya ɗaga murfin randar, ya tarar da ita a cike yadda ya bar ta. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Yau ban aika wa Innarku komai ba." Wallahi maganar nan ta sosa mini zuciya.

Da ƙanena ya zo ranar Juma'a, ya sha, ya ji ruwan ɗumi. Ya shafa bayan randar, a bushe ƙayau. Sai ya ce, "Baba, laifin fentin nan ne. Randa da gumi take sanyaya ruwa, ni kuma na toshe mata duk ƙofofin. Garin neman gira na rasa ido."

Baba ya ce, "Ai alheri ka nufa. Yanzu yaya za a yi?"

"Cuta ta hannu take shiga, Baba. Moɗa da murfi ya kamata in shafa."

Aka sayo sabuwar randa, aka bar ta yadda Allah ya yi ta. Aka ƙera wa moɗa doguwar mariƙa don kada hannu ya taɓa ruwa, ƙanena ya shafa wa moɗar da murfin fentin. Ma'aikacin ya gani, ya ce wannan ma ya fi.

Washegari wani dattijo ya taso daga gona, ya shanye moɗa guda, ya sake ɗiba. Baba yana zaune a tabarma, sai na ga ya kau da kai yana share ido da hannun riga.

Tun daga nan na koyi cewa kafin ka gyara abu, ka fara sanin me ya sa mutane suke zuwa wurinsa. Magani komai kyansa, sai an sa shi inda ciwon yake.