Kakar Ɗakin Guga

Duk wanda ya yi karatu a makarantar kasuwanci ta garinmu, a nan Faransa, ya san Maryvonne, ko da bai san sunanta ba. Kaka kowa yake ce mata. Aikinta na asali shara da goge-goge ne, amma da watan Yuni ya kama, lokacin da masu neman shiga suke zuwa jarrabawar baka, sai ta koma wani ɗan ɗaki kusa da ƙofar shiga, ita da dutsen guga da allura da zare. A can waje ɗaliban shekarar farko suna sanye da riguna masu ruwan lemo, suna tsalle da waƙa suna tarbar baƙi, suna tura musu wainar kirep kamar za su ɗura musu. Duk wannan rawar kai don baƙin su zaɓi makarantarmu ne, tunda kowannensu makarantu da yawa yake zagawa kafin ya yanke shawara. Ni dai a ganina abin da Maryvonne take yi ya fi tasu hayaniyar amfani. Yaro zai sauko daga jirgin ƙasa da kwat duk a yamutse, ta goge masa, ta ɗaura masa taye a wuya, ta ce ya shaƙi numfashi.

Ba mace ce mai sauƙin hali ba, kada a yi mata shaidar da ba tata ba. Bakinta ne ya raba ta da 'yarta tilo, Solenn. Ranar da aka binne mijinta Loïc, a gaban mutane ta ce wa yarinyar baƙin cikin da ta jawo masa ne ya kashe uban. Solenn tana da ciki a lokacin. Ta haɗa kayanta ta koma Lyon, ba ta sake waiwayo ba. Ta haifi ɗa, Maryvonne ba ta taɓa ɗaukar sa ba, sai dai hotuna da ƙanwarta Annick take nuna mata a waya, ita ma a ɓoye.

Annick ɗin ce ta kira ta bana ta ce Titouan, ɗan Solenn, zai zo jarrabawa a makarantarsu ranar Talata. Tun daga nan Maryvonne ta rasa sukuni. Ta ƙona kwalar rigar wani bawan Allah, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Lissafinta ɗaya ne: in yaron ya ci kuma ya zaɓi nan, shekara uku za ta yi tana ganin sa a farfajiya, a hankali ta san yadda za ta gaya masa ko ita wace ce. Har Clémence, shugabar masu tarbar baƙi, ta je ta samu, ta roƙe ta a kula da wani yaro daga Lyon sosai.

"Kaka, saurayi kika yi ba mu sani ba?" in ji Clémence.

"Ke dai rufe mini baki. A ba shi kirep mai zafi, ba wanda ya kwana ba."

Ranar Talata da hantsi Clémence ta shigo da shi da kanta. Dogo ne, kunnuwansa a buɗe irin na Loïc sak, har tsayuwar. Maryvonne ta ajiye dutsen guga.

"Sannu, Kaka," ya ce yana murmushi. "An ce haka ake kiran ki, kuma wai ba a shiga wurin alƙalan jarrabawa sai an bi ta hannunki."

Kalmar da take ji kullum daga bakin 'ya'yan mutane, yau ita ce ta soke ta. Ta karɓi kwat ɗin, ta yi ta gugar hannun da ba shi da ko lanƙwasa ɗaya. Da ta zo ɗaura masa taye sai da ta kwance ta sake. Shi kuwa sai zuba yake, yana ba ta labarin wani da ya yi ta minshari a jirgi. Ta yi niyyar magana, ta ga ba daidai ba ne ta dagula masa kai yana shirin shiga gaban alƙalai. Ta ce a ranta sai ya fito.

Bayan azahar ya dawo ɗaukar jakarsa, fuska a sake, taye a aljihu. Ya ce ganawar ta yi kyau ƙwarai, har ya sa ɗaya daga cikin alƙalan dariya. Zuciyar Maryvonne ta yi fari. Ta tambaye shi, kamar ba komai, ko ya ga wurin ya yi masa.

"Wurin ya yi, mutanen ma sun yi. Amma gaskiya, Kaka, kada ki gaya wa masu rigar lemo, ɗumama jiki na zo yi." Da ya ga ta tsaya tana kallon sa sai ya ƙara da cewa, "Haka malamanmu suke ce mana. Ka fara da makarantar da ba ka so, ka yi kurakuranka a can, kafin ka je wadda kake so. Ni Paris na nufa. Mamata ma cewa ta yi kada in zo garin nan sam, ban san me garin ya yi mata ba."

Maryvonne ta san da wannan al'ada tun kafin a haife shi. Ta sha goge wa masu ɗumama jiki kwat, tana yi musu dariya a ranta. Ba ta taɓa kawowa cewa jikanta zai zama ɗaya daga cikinsu ba.

Ya rataya jaka, ya ce jirginsa ya kusa. Wata yarinya tana tsaye a bakin ƙofa da siket a hannu, maɓalli ya cire, idonta ya cika da ƙwalla. Maryvonne ta ga in ba yanzu ba, shi ke nan. Ta buɗe baki, amma abin da ya fito daban.

"Mahaifiyar taka tana lafiya?"

"Lafiya lau." Ya ɗan karkata kai yana duban ta. "Kin san ta ne?"

Ta tuna cewa gobe yana da wata jarrabawar, jibi wata, kuma Solenn ta yi shekaru tana kare shi daga wannan garin. Tsoro ma ya kama ta, tsoron yadda murmushin nan zai gushe daga fuskarsa in ya ji abin da ta faɗa a maƙabarta.

"A'a," ta ce. "Kowa ma ina tambayar sa."

Ya yi mata godiya ya fita. Ta ji masu rigar lemo suna raka shi da waƙa har bakin titi, suna kiran sunansa, suna cewa sai ya dawo a watan Satumba. Maryvonne ta miƙa hannu ta karɓi siket ɗin yarinyar, ta ɗauko allura da zare, ta yi ta neman kafar allurar ba ta gani.